Kwana Casa'in da Sunan Maigida

Tun da na zo ganin gida na sauka daga babur a ƙofar gidan Yaya Sule ranar Laraba, bakina bai huta ba. Mata na shigowa biyu-biyu, uku-uku, a baje a tabarma ana ɓarar gyaɗa, kowacce da tambayarta. Talatu, yaya Ghana take? Da gaske kin ga teku? Me suke ci a can? Wadda ta zo da hantsi in ba ta labari tun daga farko, wadda ta zo da la'asar ta ce ita ma daga farko take so. Jiya muryata ta dushe. Shi ne na karɓi littafin rubutu a hannun 'yata Bilki, na ce bari in zuba labarin wuri guda, duk wadda ta zo a karanta mata, ni in samu in sha furata. Firamare kaɗai na gama, saboda haka wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri.

Ga wanda bai san ni ba, ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Makoda, inda gonar wani ke ƙarewa a nan ta wani ke farawa, babu ko tazarar da akuya za ta kwanta. Mijina na fari ya rasu ya bar ni da Bilki, na yi shekara huɗu a gidan yayana ina tuyar ƙuli-ƙuli da matsar mai. Alhaji kuwa ɗan Ghana ne, haifaffen birnin Akara, amma asalinsu mutanen ƙasar Kano ne, fataucin goro ya kai su can tun ana tafiya da jakai. Yana zuwa sarin gyaɗa da wake, Yaya Sule ne ke tara masa kaya a ƙauyukanmu. Shi ma matarsa ta rasu. Man gyaɗata ya fara yabawa, daga baya yabon ya wuce mai. Aka ɗaura aure a ƙofar gida bayan an sauko daga Juma'a, ina da shekara arba'in da uku.

Kafin mu tashi sai da aka yi mini fasfo a Kano, aka karɓo takardar aure a kotu, aka yi mini allurar shawara aka ba ni katinta. Alhaji ya zaunar da ni ya ce, "A bakin iyaka za su buga miki hatimin kwana casa'in. Kafin su cika sai mun samo miki izinin zama na matar ɗan ƙasa. In bai samu ba, dole ki fito."

Na ce, "Alhaji, an shafa fatiha, an raba goro da alawa. Yardar wa kuma ta rage?"

Ya ce, "Ta gwamnati."

Dariya na yi, don na ɗauka zolaya ce. Na sayar da awakina, na ba maƙwabciyata turmi da kaskon tuya, na bi gida-gida na yi sallama har da hawaye. Wadda ta yi irin wannan sallama ba ta son a gan ta ta dawo bayan wata uku da jakarta a kai. Kuma in faɗi gaskiya, ba kunyar dawowa kaɗai ba ce. Ina son mutumin, irin son da ban zaci zai sake samuna da furfura a gefen kai ba.

Babur ya kai mu Makoda, ƙaramar bas ta kai mu Kano, a can muka shiga doguwar motar Legas. Kusa da ni wata Bayerabiya ce mai sayar da atamfa, haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni. Da ta ga ina haɗiyar miyau sai ta ɓallo namijin goro ta miƙo mini, ta ce in tauna in riƙa kallon nesa. Kallon nesan ne ya ɗaure mini kai. Muna wuce Kaduna gonaki suka fara jan baya, sai daji, sai ƙasa baƙa wuluk a zube, ciyawa ta fi mutum tsawo, ba mai noma ta. Mu da ake kai ƙara gaban mai gari a kan kunya ɗaya ta gero. Na taɓa Alhaji na ce, "Duk wannan na wane ne?" Ya ce na Allah ne. Na ce to lallai Yaya Sule bai ji labari ba.

Kogin Kwara barci ya cinye mini shi, har yau Alhaji na yi mini gori. Gari ya waye mana a ƙasar Yarabawa, cikin itatuwan da ban san sunan ko ɗaya ba. A Legas muka sauka unguwar Agege, gidan wani fatoma Bakatsine, mai saukar da fatake, inda Alhaji ya saba sauka. Matarsa ta ba ni ruwan wanka da tuwon shinkafa, ta ce in kwanta. Ina fa barci, gari na ruri kamar injin niƙa. Da la'asar na leƙa ƙofar gida, na shiga gaida duk wanda ya gifta, yadda muka saba. Mutum bakwai na yi wa sannu, ɗaya ya amsa, ɗaya ya dafe aljihunsa. Matar fatoma ta jawo ni ciki tana dariya, ta ce a nan in ka gaida wanda ba ka sani ba, ya ɗauka wani abu kake nema.

Washegari muka ƙetare iyaka uku a yini ɗaya. Ni da a rayuwata iyakar da na sani ita ce ta gamba da ake shukawa tsakanin gona da gona. A ta farko, ta shiga ƙasar Benin, wani jami'i ya buɗe jakata. Daddawa ce ta fara gaishe shi, ya kau da kai. Ya ɗaga ƙullin kuɓewa ya ajiye, ya ɗaga na yaji ya ajiye, da ya zo kan ledar kuka sai ya tsaya. Ya ga gari kore, mai laushi, an ƙulle shi tamau a leda uku. Ya kira wani, wancan ya kira wani, suna ta Faransanci suna kallona. Alhaji na ta bayani da hannu, ni kuma na roƙi ruwa na zuba a tafin hannuna, na barbaɗa kukar na murza don su ga yauƙi. Yauƙin bai ƙara musu komai ba sai shakka. Can sai ga wani dogo daga cikinsu ya matso, ya shinshina, ya ce da Hausa tsaf, "Kuka ce. Hajiya, daga ina?" Ashe ɗan arewacin ƙasar ne, ya ce rabonsa da miyar kuka tun azumi. Ba wanda ya roƙe ni, ni na ɗiba masa a takarda, ya karɓa da hannu biyu.

A Kwatano, babban garin Benin ɗin, mata ne suka ba ni mamaki. Mace da goyo, da ɗaurin ɗankwali, ta hau babur ita ke tuƙi, ta ratsa tsakanin manyan motoci ko gezau. Na ƙirga har goma sha biyu na bari. Burodinsu kuwa dogo ne kamar muciya, ɓawonsa da tauri, sai da na jiƙa shi a shayi ya ciwu.

A Togo na ga teku. Na san kun ce in faɗa muku yadda take, kuma na gwada har muryata ta tafi, ban iya ba. Hanya ta karkata, itatuwan kwakwa suka buɗe, sai na ga sama ta sauko ƙasa tana motsi. Na ce wa Alhaji, "Wancan hadari ne?" Ya ce ruwa ne. Ni da nake ganin dam ɗin Tomas shi ne ƙarshen ruwa a duniya. Iyakar Ghana a bakin tekun take, saboda haka da aka tsaya jiran hatimi sai na tuɓe takalmi na taka rairayi. Ruwan ya taso tsawon katanga, ya faɗi da rugugi, ya rarrafo har ya lashi ƙafata, ya koma. Bai huta ba ya sake tasowa. Na tambayi Alhaji yaushe yake tsayawa, ya ce tun yana yaro bai ga ya tsaya ba. Na duba gabas ruwa, na duba yamma ruwa, gabana ba tsallake, ba bishiya, ba hayaƙin wani ƙauye. Na ɗebo a hannu na ɗanɗana, gishiri zalla. Ruwa mai yawan nan, amma ba zai shayar da fangali ɗaya na albasa ba, Allah ya yi shi ne kawai don ya ga dama. Na zauna a rairayin ina tasbihi, hawaye na zuba. Ban taɓa jin ƙanƙantata irin ta wannan rana ba.

Aka buga hatimi. Alhaji ya nuna mini lambar a fasfo, tara da sifiri. Ya kuma karɓi wayata ya nuna mini agogo ya koma baya da awa ɗaya, ya ce nan rana ba ta saurin faɗuwa kamar Kano.

A Akara unguwar su Alhaji Zango ake ce mata, gida babba ne mai tsakar gida ɗaya, iyali shida a ciki. Yayarsa Hajiya Memuna ce ta tarbe mu, mace mai jiki da murya. Ta ware hannu ta ce, "Amarya ya iso. Kai ne Talatu? Sannu da zuwa, ka sha hanya." Na waiga in ga namijin da take yi wa magana, ba kowa a bayana sai jaka. Hausar can haka take, mace da namiji duk "kai" ne, duk "ya" ne. Mako biyu ina jin ana ce mini "ka ci abinci?" ina dannar dariya, daga baya har na kama kaina ina faɗa.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda harshenmu ya riga ni zuwa. Da safe mutanen da ba su jin Hausa ko ta sannu suna layi a bakin titi suna sayen koko da ƙosai, kuma da sunayensu na Hausa suke kiran su. Tuwo, tuwon zafi suke ce masa. Abincin da duk garin ke ji da shi kuwa shinkafa da wake ne, sun ɗan lanƙwasa sunan amma wakenmu ne. Na ga launinsa ja, na tambayi Hajiya me ake sawa. Ta ɗauko wani ƙullin busasshen ganye da ta sayo a kasuwa, tana lallaɓa shi. Karan dafi ne, wanda ke tsaye a gefen gonar Yaya Sule, dukawa kaɗai ke nemansa don rinin fata. Da na gaya mata, ta ce lallai in zan dawo daga gida in cika mata buhu. Dokunu ne dai, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, muka daɗe ba mu shirya da shi ba.

Wata Asabar na ji kiɗa na leƙa, na ga rumfuna da kujeru, mutane cikin baƙi da ja suna rawa. Na ce bikin wa ake yi? Hajiya ta ce jana'iza ce, mamacin ma ya kusa wata biyu a asibiti cikin sanyi ana jiran dangi su taru. Na tuna mu da ake rasuwa da hantsi, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Amma na ga 'yar mamacin tana rawa tana kuka a lokaci guda, kuma kukan nan irin namu ne.

Abu ɗaya ne ban iya haɗiyewa ba. Matar ɗakin da ke kallon namu takan tsaya a tsakar gida ta ƙwala wa mijinta kira, "Isa, zo ka ɗauki ruwanka." Ranar farko har ludayi ya suɓuce daga hannuna. Kun dai san mu. Innata ta yi shekara hamsin da Baba, ta rasu ban ji sunansa a bakinta ba, ko yaron maƙwabta mai irin sunan sai dai ta ce masa Mai Suna. Ni ma shekara goma sha tara na yi da uban Bilki, Malam nake ce masa har aka ɗauke shi. Ba tsoro ba ne, girma ne da kunya, kuma abin ya zauna a harshe har ba ka sanin yana nan. Na gaya wa Hajiya, ta ce tsofaffinsu ma haka suke, na yanzu ne suka watsar.

Batun takarda kuwa, ashe ba zolaya ba ce. Na sa gyaɗa casa'in a gwangwanin madara, kullum da safe in ci ɗaya. Aka ɗauke ni hoto, aka ɗebi jinina a asibiti, Alhaji ya rubuta wasiƙar cewa shi zai riƙe ni. Takardar aurenmu ta kotu sai da aka kai ta wani ofis aka ƙara mata hatimi, wannan kaɗai ya ci makonni. Sai kuma zazzaɓi ya kwantar da Alhaji kwana goma. Ina jinyarsa ina jin gwangwani na ƙara ƙara in na girgiza. Ranar da aka kira mu ganawa a ofishin shige da fice, gyaɗa tara ta rage.

Hajiya ta ce in sa leshina mai kyau. A mota Alhaji ya ce, "Za su raba mu, su tambaye ni, su tambaye ki, su gwada. Akwai masu auren ƙarya don takarda, su ake nema. Ki faɗi gaskiya kawai." Na ce in dai gaskiya ce ai da sauƙi.

Ofishin bene ne, sanyi kamar randa, kowa na zaune a layi ba mai tsallake wani. Aka fara shiga da Alhaji, ya fito, aka kira ni. Jami'ar mace ce, ba za ta wuce sa'ata ba, da tabarau da kaki mai guga. Gefenta wani dattijo ma'aikacin wurin ne zai yi tafinta. Ya ce mini shi ba Bahaushe ba ne, a bariki ya tsinci Hausa, ubansa ɗan sanda ne.

Ta tambayi inda aka ɗaura aure, na faɗa. Wa ya ba da ni, na ce Yaya Sule. Ɗaki nawa ne a gidan, me Alhaji ke ci da safe, wace ƙafa ce ke masa ciwo in ya daɗe a mota. Duk na amsa, har na ƙara mata da cewa ba ya son sukari a koko. Ta yi ɗan murmushi tana rubutu. Na ji hankalina ya kwanta.

Sai tafinta ya ce, "Madam ya ce ka faɗi sunan mijinka."

Na ce, "Alhaji."

Ya juya mata, ta girgiza kai. Ya ce, "Alhaji ba suna ba ne. Alhaji ya cika Zango. Sunansa."

Na ce, "Maigida."

Ta ajiye biro. Ta cire tabarau ta dube ni, murmushin nan ya tafi. Na san sunan, mana. Na ji shi ranar ɗaurin aure ta kan katanga, na gan shi a takarda. Yana nan a bakina, amma harshena ya ƙi ɗaga shi. Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafi. Yanzu kowa sai ya ce me ya hana ki karɓi biro ki rubuta. Ni dai a lokacin ko tuna akwai biro a duniya ban yi ba.

Ta yi magana mai tsawo, tafinta ya juya mini. Ya ce, "Madam ya ce akwai matsala. Mijin ya ce sunan matarsa Talatu, fasfo ya ce Rabi'atu. Matar kuma bai san sunan mijin ba. Ya ce wane irin aure ne wannan?"

Na ce Rabi'atu sunan yanka ne, ba mai kirana da shi, Talatu kuwa don ranar Talata aka haife ni. Da ya gaya mata sai ta ɗan saki fuska, ta nuna ƙirjinta ta faɗi wani suna da yarensu. Ashe su ma suna sa sunan rana, kuma ita ma haihuwar Talata ce. Wannan ya wuce. Na samu ƙarfin gwiwa na ce wa tafinta ya gaya mata a garinmu mace ba ta faɗin sunan mijinta. Ya tsaya yana sosa kai, ya ce ya taɓa jin haka wurin tsofaffin matan bariki. Ya gaya mata.

Ta amsa a hankali. Tafinta ya ce, "Madam ya ce bai ƙaryata ka ba. Amma ya ce a wannan kujera mutane da yawa sun zauna da dalili mai daɗi. Shi ba zai rubuta cewa matar ya san mijinsa ba sai ya ji. In bai rubuta ba, takarda ba ta wucewa." Ta buɗe fasfona ta juyo mini da shi, ta ɗora yatsa a kan hatimin.

Daga nan ta aika aka shigo da Alhaji. Ni na ɗauka sauƙi ne ya zo, ashe abin ƙaruwa ya yi. Aka zaunar da shi a gefe, ta nuna shi da biro. Tafinta ya ce, "Wannan mutum, wane ne sunansa?"

A gabansa ke nan. Alhaji ya gane abin da ake ciki, ya ce, "Talatu, faɗi. Ba komai." Jami'ar ta ɗaga masa hannu, ya yi shiru ya dubi ƙasa.

Na tuna Innata. Na ji kamar tana zaune a bayana tana kallon ƙeyata. Na kuma dubi Alhaji, ya rame da zazzaɓin nan, hularsa har ta yi masa yawa, ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi. Na ga kaina a doguwar mota ni kaɗai ina komawa, shi kuma ya koma ɗakin nan ba mai dama masa koko. A raina na ce, Inna, ki yafe mini, girman da kika koya mini in ba miji, yau in na riƙe shi mijin zan rasa.

Na faɗa. Amma a ciki ya tsaya, ko ni da ƙyar na ji.

Tafinta ya karkato kunne ya ce, "Ban ji ba. Ƙara."

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Irin wadda nake kiran Bilki da ita ce daga wancan gefen gona. Sunan ya cika ofishin, da nasa da na mahaifinsa, har wani da ke wucewa a baranda ya leƙo. Sai na ja mayafi na rufe fuskata gaba ɗaya.

Ba wanda ya yi dariya. Na ji ƙarar biro, sannan ƙarar hatimi sau biyu. Da na buɗe ido jami'ar ta zagayo ta tsaya kusa da ni, ta miƙo mini fasfo da wata 'yar takarda. Tafinta ya ce an karɓa, da wannan zan zauna har katin ya fito, ba mai cewa in fita. Ya ƙara da cewa, "Madam ya ce ka yi haƙuri. Ya ce shekara ashirin yana wannan tambaya, bai taɓa sanin tana da nauyi ba." Ta dafa kafaɗata, ta ce "sannu" da Hausa, ina jin ita kaɗai ta iya.

Muka fito. Alhaji bai ce mini uffan ba. Ya yi gaba ina biye, bai nufi tashar mota ba, ya bi wani titi da ya gangara har bakin teku, inda masunta ke jan kwalekwale. Na tabbata ransa ne ya ɓaci. Namiji mai shekara kusan sittin, matarsa ta ƙwala masa kira a gaban baƙi kamar yaron aike. Ya sayi kwakwa biyu aka fasa, ya miƙo mini ɗaya, muka zauna a kan wani tsohon kwalekwale da aka kife. Na kasa sha.

Na ce, "Alhaji, ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon ruwa. Da ya juyo sai na ga idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Kin san sunan wa gare ni? Na kakana ne, uban babana. Babana bai taɓa faɗa ba, don sunan ubansa ne. Uwata ba ta taɓa faɗa ba, don sunan surukinta ne. Baba Ƙarami suke ce mini, har na je Makka na zama Alhaji. Marigayiya ma Alhaji take cewa." Ya goge fuska da hannun riga. "Malamin makaranta ne ke kirana da shi in zai dake ni. Sai asibiti, sai masu hatimi a bakin iyaka. Shekara hamsin da takwas, Talatu, ban taɓa jin sunana a bakin wanda ke sona ba sai yau."

Ni ina can ina neman gafarar abin da na ɗauka na rage masa.

Ya ce, "Ƙara faɗa."

Na ce, "Alhaji, ai an riga an buga hatimi."

Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa, amma bai janye idonsa daga kaina ba, yana jira. Na duba dama, na duba hagu. Masunta na can nesa da igiyarsu, ba Bahaushe ko ɗaya a kusa, ruwa kuma na ta rugugi ba mai jin wani. Na matsa kusa da kunnensa na faɗa.